Gyaran da Ba Ya Kan Allo

Daga unguwar Safa, Jidda.

Zuwa ga ɗana Mahmud, Auta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Asma'u. Allah Ya kai ku Yanbu lafiya, Ya tsare ku a kan hanya, Ya sa ku sauka a hannun mutanen kirki, Ya sa albarka a shagon abincin da za ka buɗe.

Na ba yayarka Zainab ta saka maka ita cikin jaka, don na san halinmu ni da kai: in muka zauna fuska da fuska, kafin in kai tsakiyar magana ka ce "Halas, Baba, na gane," alhali ban ma ɗauko ta ba. Na kuma rubuta da Hausa da gangan. Da Larabci ne da ka haɗiye ta kamar yadda kake haɗiye abinci, ba taunawa. Hausa kuwa sai ka bi ta a hankali kana haɗa baƙi, to haka nake so.

Ba labari zan ba ka ba. Tsohon da ke zaune a saman bene a gidan 'yarsa yana ƙirga motoci ta taga ba shi da wani labari. Abin da na gani ranar Juma'a da hantsi, a kalacin sallama da ka shirya mana, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mijin Zainab ya tambaye ka ko ka gama da maganar allon nan da baladiyya, hukumar gari, ta wajabta wa masu gidajen abinci, wanda ake rubuta su'urat, wato nauyin abin da kowane kwano ke zuba wa mutum a jiki. Ka yi dariya ka ce, "Za mu rubuta wa baladiyya abin da take so, hannu kuma ya zuba abin da ya ga dama." Kowa ya yi dariya yana kallona, don sun san maganata ce, a bakina ka tsince ta. Ni ma na yi murmushi, saboda tsufa ya koya mini murmushin da ba ya zuwa ciki.

Sai ka ɗauki ludayi ka ƙara wa Asma'u man shanu da zuma a kan ma'asub ɗinta. Ka san ma'asub: gurasa da ayaba a kirɓa, a zuba kirim, a malala zuma. Ko ƙato mai sauke kaya a tashar jirgin ruwa in ya ci sai ya nemi bango ya jingina. Yarinyar nan tana da juna biyu, kuma kowa a gidan ya san likita ta ce sukarinta ya hau, ta ce a kiyaye don ita da abin da ke cikinta. Ta ce maka, "Ya isa haka." Ka ce, "Yalla, ci mana, ai ku biyu ne." Ta sunkuyar da kai ta cinye tas. Ka tsaya a kanta kana jin daɗi.

Auta, wannan tsayuwar na san ta. Ni na yi ta kafin a haife ka.

Bari in fara da maganar allo, tunda ita ce mai sauƙi. Lokacin da dokar ta fito muna unguwar Karantina, shagona yana bakin lungunmu, ful, wato dafaffen wake, da ma'asub da safe, shinkafa bukhari da rana. Kai kana can kana koyon aiki a otal, ba ka ga rigimar da muka sha ba. Kullum bayan la'asar muna kan benci a ƙofar shago, ni da Idi mai tsire da abokina Bala direba, wanda ka sani, mai kawo maka alewa kana yaro. Ni ne limamin masu ƙin dokar. In na fara, har masu wucewa sukan tsaya.

Nakan ce, "Wanda ya shigo da yunwa ba karatu ya zo yi ba. Rabin masu cin abincina ma ba su karanta Larabci."

Idi ya ce, "Ni tsirena wa zai auna? Wata tsoka da kitse, wata ba kitse. Sai dai su zo su tambayi ragon."

Na ce, "Wannan doka ta manyan gidajen abinci ce, masu injin da ke tofo komai daidai wa daida. Mu da hannu muke girki. Hannu ba sikeli ba ne. Yau ka tashi da fara'a ya buɗe, gobe an ɓata maka rai ya tsuke."

Bala ne kaɗai ba ya tare da mu, don shi tuni ciwon sukari ya kama shi. Sai ya bari mu gama kumfar baki, ya ce, "Ya shekh, ni dai in na sayi taya, a jikinta an rubuta mini iskar da take ɗauka. Cikina bai kai taya daraja ba?"

Na ce, "Taya ba ta cewa a ƙara mata albasa."

Ya ce, "Kai dai Isiya tsoro kake ji a gane ƙwai nawa kake sata a wainar mutabbak."

Muka yi ta dariya. Haka muka yi ta yi har allon ya zama dole.

Zan yi wa kaina adalci, don ba wanda ya rage da zai yi mini. Ba duk maganata ce banza ba. Gaskiya ne ƙaramin mai shago ya fi shan wahalar wannan abu. Gaskiya ne lamba ɗaya a bango ba ta gaya wa mai ciwo inda sukari ya ɓuya da inda mai ya ɓuya. Gaskiya ne da yawa ba sa ko ɗaga kai su duba. Amma inda na ɓata shi ne, na ɗauka tunda yawanci ba sa karantawa, to ba mai karantawa. Akwai mai karantawa, Auta. Mai lafiya ba ya duba allo. Wanda likita ya tsorata shi ne ke dubawa, ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa, ya dogara da abin da ya gani kamar yadda makaho ke dogara da sanda. Don shi aka yi allon, kuma shi ne wanda ƙarya za ta fi illatawa. Saboda haka kada ka yi wa allonka ba'a a gaban ma'aikatanka. Abin da maigida ya raina, yaran shago takawa suke yi. In hannu ba sikeli ba ne, ai ludayi yana da baki, kuma bakinsa ba ya canjawa da fara'a ko fushi. Ka zaɓi ludayi ɗaya ka tsaya a kansa.

Ni ma fa allona ba ƙarya aka rubuta ba, ka ji abin da ya fi ciwo. Wata ma'aikaciya ta zo da sikelinta, na girka mata kwano ɗaya na kowane abu, ta auna mai, ta auna gurasa, ta rubuta. Kwanon da na zuba mata shi ne kwanon baƙo, wanda nake ba mutumin da ban san sunansa ba. Duk baƙon da ya ci a shagona ya ci abin da ke kan allo. Waɗanda nake ƙauna ne ba su taɓa cin sa ba.

Ka san al'adarmu ta gyara. Mahaifina, kakanka, a ƙafa ya zo ƙasar nan daga ƙasar Hausa, ya yi shekaru a hanya, ya ga yunwar da ta sa har ya rasu ba ya iya ganin ƙwayar shinkafa a ƙasa bai tsince ta ba. Shi ya koya mini sana'a, kuma abu na farko da ya koya mini shi ne: ba a zuba wa na gida daidai da baƙo. In ka ba abokinka kwanon kowa da kowa, ka zage shi. A wurinsa mai shi ne mutunci. Ya yi gaskiya a zamaninsa, lokacin da mutane ke tafiya a ƙasa suna ɗaukar kaya a ka, haƙarƙari a waje. Ni kuma na ɗauko maganin yunwa na ci gaba da ɗura wa mutanen da ke wuni a zaune cikin mota da sanyin na'ura.

Da allon ya hau bango, Bala ya fi kowa murna. Ya zo da safe ya tsaya a gabansa kamar mai duba sakamakon jarrabawa. Ya ce, "Daga yau na saki ma'asub, saki uku. Ful za ka ba ni, ba mai, da rabin gurasar tamis, da shayi ba sukari. Abin da ke kan allo, Isiya, ka ji ko?"

Na ce, "Tayyib, ranka ya daɗe."

Na juya baya na kalli kwanon. Wake tsurarsa, kamar abincin gidan yari. Na ce a raina, mutumin da muka yi yarinta tare, wanda ya ɗauki gawar mahaifina a motarsa, shi zan miƙa wa wannan a gaban jama'a? Sai na zuba man shanu a gindin kwano, na rufe shi da wake. Shayin kuma na sa madara mai zaƙi, na ce masa ta gwangwani ce marar sukari. Ya ci ya lashe yatsa ya ce, "Kai, ful ɗinka ko ba mai daɗi gare shi. Hannunka ne." Na ji kaina ya yi girma.

Haka na yi masa kullum, ba fashi. Ban taɓa jin ina yin laifi ba. Kyauta nake yi, har da ɓoyewa don kada ya gode.

Wata rana ya dawo daga asibiti ya zauna a benci bai yi sallama da ƙarfi ba kamar yadda ya saba. Ya ce, "Likita ya ce ni maƙaryaci ne. Wai ba yadda za a yi ina cin abin da na ce ina ci, awo ya riƙa fitowa haka. Na rantse masa, ya yi mini kallon yaro. Ni da na bar komai, Isiya. Ko dabino sai in kalla in wuce."

Ludayin yana hannuna lokacin. Na ce, "Likitoci haka suke. Ma'alesh, ka yi haƙuri." Washegari na rage man, ban daina ba.

Ɓarin jikinsa ya shanye kafin hukuma ta fara rushe Karantina. Ya kwanta ba baki, sai ido. Na je duba shi, matarsa ta ce, "Ga aminin naka, shi kaɗai yake yarda ya ci abincinsa." Ya rasu kafin motocin rusau su iso lungunmu. Ban ce ni na kashe shi ba. Ajali na Allah ne, kuma ban san abin da yake ci da rana a kan hanya ba. Amma mutum ya yi ƙoƙarin ceton kansa da ɗan abin da ya iya karantawa a bango, ni kuma na bi ta ƙarƙashin wake na warware masa. Ya tafi yana zaton jikinsa ne ya ci amanarsa.

Don haka ga abin da zan ce maka kan gyara. Ban ce ka daina ba, don mai abincin da ba ya gyara ba zai yi kasuwa a cikin mutanenmu ba, kuma rowa ba ado ba ce. Amma ka yi shi a fili, ka tambaya: "In ƙara?" In ya ce a'a, to a'a ɗin tasa ta fi ludayinka daraja. In kana son ka girmama mutum ka rasa yadda za ka yi, ka ƙara masa salak, ka kawo masa kujera mai kyau, ka zauna ka tambaye shi yaransa. Abin da ka saka wa mutum a ciki bai sani ba, ko zuma ce, ba kyauta ba ce.

Kakata tana da wata tatsuniya da take yi mana a tsakar gida, ta wani mutum mai tunkiya ɗaya tilo. Saboda son da yake mata ya ce ita ba za ta ci ciyawa kamar tumakin talakawa ba, sai gero zalla. Ta ci, ta ci, cikinta ya kumbura, ta faɗi. Yana kuka yana tura mata wani geron a baki yana cewa, "Ci ki samu ƙarfi." Mukan yi dariya har da birgima, muna cewa wannan wane irin wawa ne. Kaka ba ta taɓa gaya mana sunan garinsu ba. Ashe kusa yake.

Ni kaina ba sai na ba ka labari ba, kai kake tura kekena zuwa masallaci ran Juma'a. Yatsun ƙafata sun riga ni zuwa maƙabarta, suna can suna jirana. Shekara da shekaru ina ɗanɗana kowace tukunya, in sha shayi mai zaƙi in kora, in ce ni ban ci komai ba tun safe. Ƙishirwa ta dame ni na ce zafin murhu ne. Idona ya fara hazo na ce hayaƙi ne. Mai girki yana da uzuri a kan komai, don kicin ba ya rasa abin ɗora wa laifi. Kai ma jinin nan ne a jikinka, kuma na ga wuyanka ya fara cika. Ka je a auna ka tun kana tafiya da ƙafarka.

Yanzu saura mai wuyar. Na yi ta zagaye ne don kada in iso nan.

Mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta, ba ta cika ɗora tukunya a gidanmu ba, kuma mata suna yi mata barka da haka: ta auri mai shagon abinci, ta huta. Kullum in na tashi daga aiki, gindin tukunya nake kwasowa in kawo gida, wurin da mai ya kwanta, wurin da ya fi daɗi. Zubar da abinci haramun ne, kuma ina ganin mafi kyawun abin da nake da shi nake kawo mata. Da safe kuma kafin in buɗe wa kowa, sai na aiko mata da ma'asub na musamman, wanda ba a sayar da irinsa. Ran da ba aiki ni nake kawowa da kaina, in ajiye, in tsaya.

In ta rage, sai in ce, "Gishiri ya yi yawa ne?" Ta ce a'a. "To ayabar ce ba ta nuna ba?" Ta ce lafiya lau take. "To me ya faru?" Sai ta jawo kwanon ta ƙarasa. In ba ta ƙarasa ba, ban zage ta ba, ban taɓa ɗaga mata murya ba, kowa shaida ne. Shiru kawai nake yi, in wuni ina shan ƙamshi. Ta gane cewa zaman lafiyar gidan yana gindin kwano, sai an kai can ake samunsa.

Da aka ce tana da sukari da hawan jini, na ce to, za a kiyaye. Na kiyaye na ɗan lokaci. Sai na fara cewa "yau kaɗai," "ɗan wannan ba ya komai," "magani ai yana aiki." Kana nan lokacin da ƙodarta ta gaza, kai kake kai ta wankin ƙoda wasu ranakun, ka ga yadda take dawowa kamar an matse tsumma. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ta gaya mini wata rana da nake zaune kusa da ita, injin yana juya jininta, an hana ta ko ruwa sai da awo.

Na ce mata, don in sa ta dariya, "In kin warke zan yi miki ma'asub irin na amarci."

Ta juyo ta dube ni, ba fushi a fuskarta ko kaɗan. Ta ce, "Malam, ni fa ban taɓa son ma'asub ba. Zaƙinsa hawa mini kai yake."

Na ce, "To me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta ce, "Ai kana tsaye."

Ta gyara mayafinta ta rufe ido. Na zauna da mace tsawon rayuwa, na san yadda take son shayinta ya yi zafi, na san takunta a kan matakala, amma ban san wannan ba, don ban taɓa barin wurin da za ta faɗa ba. Masu gardamar allo suna cewa kowa yana da 'yancin cin abin da yake so, ba ruwan hukuma. Ni ma na faɗa, da ƙarfi. Ban lura ba cewa a cikin gidana akwai wadda ba ta da wannan 'yancin, kuma ba hukuma ce ta ƙwace mata ba.

Ranar Asabar Asma'u ta zo yi mini sallama, kana ƙasa kana ɗaure kaya a mota. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce, "'Yata, likita ta hana ki zaƙi, me ya sa kika cinye na jiya?" Ta kama wasa da bakin hijabinta. Na ce ta faɗa, ba zan gaya wa kowa ba. Ga shi na karya alkawari, Allah Ya yafe mini, ita ma ta yafe mini. Ta ce, "Baba, in na bari ba ya jin daɗi. Don ni yake yi. Kuma sai ya ce ko bai yi kyau ba ne."

Yarinyar nan za ka kai ta garin da ba ta da uwa, ba ta da 'yar'uwa, ba ta da maƙwabciyar da za ta shiga wurinta ta ce yau ba na jin cin komai. Kai kaɗai gare ta, kai ne kuma mai girkin. Cikin nan yana da sauran watanni, kuma abin da sukari ke yi wa mai ciki da jariri ba ni zan gaya maka ba, likita ta riga ta gaya muku, kana wurin, kana danna waya in ji Zainab.

To ga roƙona, ba umarni ba, don na san wanda ya ɓata nasa ba ya da bakin umarni. In kun sauka, kafin ka nemi mai kawo maka gas da mai kawo ayaba, ka nemi asibitin da za ta riƙa zuwa awo. Ka shiga tare da ita, ka sa wayar a aljihu, ka tambayi abin da za ta ci kamar yadda kake tambayar farashin kaya a kasuwa, da naci. Kai mai girki ne, ka fi ni gwaninta, ba abin da za a ce ta ci da ba za ka iya sa shi ya yi daɗi ba. Kada ka kawo mata ragowar shago. Ka ba ma'aikata, ka ba masu shara, lada ɗaya ce.

In ka ajiye mata abinci, ka fita. Ka je ka wanke hannu, ka duba mota, ka yi duk abin da za ka yi, amma kada ka tsaya. In ka dawo ka tarar ta rage rabi, ka ɗauke kwanon ka rufe, kada ka tambaye ta ko gishiri ne, kada ka canja fuska. Zai yi maka zafi, na sani, kamar an mayar maka da gaisuwa. Ka haɗiye. Ita ta daɗe tana haɗiyewa.

Allah Ya sauke ta lafiya, Ya raya abin da za ta haifa, Ya sa in gan shi da sauran idon da ya rage mini. Allah Ya tsare ka daga wuta da wuƙa da sharrin abokin ciniki, Ya tsare na hannunka daga abin da ba ka nufa ba. Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya jiƙan Bala, Ya sa sun huta. In ka yi salla ka sa su a addu'a, ni ma ka sa ni, don ina da tambayoyin da zan amsa.

Ka gaida Asma'u, ka ce mata in ji ni ta yi haƙuri da surutun tsoho.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isiyaku